Amshin Vivaldi da Lambobin Masu Haɗa Kiɗa

Zargi biyu ake yi wa kiɗan Barok, kuma duka biyun rashin zama a saurara ne ya haife su. Na farko tsoho ne: wai Antonio Vivaldi kiɗa ɗaya ya tsara, ya yi ta maimaita shi sau ɗaruruwa, yana tafiya ƙat-ƙat kamar keken ɗinki. Na biyu sabo ne, daga bakin 'yan dije masu haɗa kiɗa da kwamfuta. Manhajarsu kan saurari kiɗa ta liƙa masa lamba biyu, yawan bugu a minti da gidan sautin da yake zaune. Da lambobin suka ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai suka ce kiɗan ne ba ya haɗuwa. Ni kuwa na ce babu kiɗan da ya san haɗi kamarsa.

Tarihin a taƙaice yake. Zamanin Barok ya faro wajen 1600 a Italiya, ya rufe da rasuwar Bach a 1750. Vivaldi ya yi shekaru yana koyar da 'yan mata marayu goge a gidan Pietà da ke Venis. A 1711 aka buga kundin kaɗe-kaɗensa L'estro armonico a Amsterdam, Turai ta ɗauka, har Bach ya zauna ya juya wasu daga cikin kaɗe-kaɗen zuwa ogan da hafsikod. A 1725 aka fitar da kaɗe-kaɗensa huɗu na lokutan shekara.

Dabarar da ta riƙe wannan gini ita ce ritornello, amshin da dukkan makaɗa ke dawowa kansa bayan mai goge ya yi nasa. Mu ɗauki La primavera, ɗaya daga cikin waɗancan huɗun na lokutan shekara, mu duba kashinsa na farko, wanda bai cika minti huɗu ba. Amshin ya buɗe a gidan E manja. Kowace jimla sau biyu ake faɗinta, da ƙarfi, sannan a hankali, don ta zauna a kunne. Sai manyan gogunan ƙasa su yi tsit, goge uku kacal su rage suna kukan tsuntsaye, ɗaya na kira biyu na amsawa, ba wanda ya bar gidan E. Amshi ya dawo, amma rabinsa na biyu kawai, domin kunne ya riga ya haddace shi. Daga nan sautin ƙorama ya shigo ƙasa-ƙasa, kuma a cikin wannan gunaguni ne Vivaldi ya zare ƙafa. Kafin mai sauraro ya ankara, amshin ya fito a gidan B manja. Hadari ya taso, baka na karkarwa a kan tsirkiya, sauti na haurawa sama da gudu kamar walƙiya. Da ya lafa, amshin nan dai ya dawo, wannan karon a C-shaf maina, fuskarsa a murtuke. Babban goge ya riƙe sauti ɗaya dogo, tsuntsaye suka sake leƙowa a kansa da ɗari-ɗari, sannan aka koma E aka rufe.

Yanzu a ɗauko da'irar Camelot da 'yan dije ke aiki da ita wajen ba gidajen sauti lamba. E manja ita ce 12B, B manja 1B, C-shaf maina 12A. Biyun ƙarshe suna cikin maƙwabtan da ake koya wa sabon dije ya bi idan yana kan 12B. Abin da yake nema tsakanin faifai biyu, Vivaldi ya yi shi a cikin kiɗa ɗaya. Ita kanta da'irar tana da kakanni a wancan zamani: Johann David Heinichen ya buga da'irar gidajen sauti tun 1711.

Batun gudu kuwa, Allegro kaɗai Vivaldi ya rubuta a kai. Na'urar ƙirga bugu ta Maelzel sai a 1815 ta fito, shekara 74 bayan rasuwar Vivaldi a 1741. Duk lambar da manhaja ta bayar, ta ƙungiyar da ta kaɗa wannan faifan ce, wata ƙungiya za ta ba da wata. Haka gidan sauti. Makaɗan yau suna ɗaure tsirkiya a kan 440, masu kayan kiɗa irin na dā kuwa galibi a kan 415, wato rabin mataki ƙasa. Manhaja na jin irin wannan faifai sai ta rubuta 5B a inda takarda ta ce 12B. Wanda ya bi lambar ido rufe ya haɗa abin da ba ya haɗuwa, sannan ya ɗora wa Vivaldi laifi.

Masu cewa maimaici ne ba su da hujja, domin amshin da ya dawo a wani gida ba shi ne na farko ba. Masu fifita dogayen kaɗe-kaɗen ƙarni na 19 saboda yawan sauye-sauyensu ma ban bi su ba. Sauyin da ba a ba ka abin auna shi ba, wucewa yake yi ba ka sani ba. Vivaldi yakan damƙa maka jimla ɗaya ka riƙe, ya zaga da kai gida uku, kana jin nisan kowanne daga inda ka taso. A ganina wannan ne asalin haɗin sauti, kuma a ƙwaƙwalwar mai sauraro ake yin sa.

Saboda haka kirana ga matasanmu masu haɗa kiɗa shi ne, ku kashe allon lambobi, ku saurari wannan kashi sau uku, ku ƙirga dawowar amshin da kunnenku, ku lura da inda ya sauya gida. Bayan nan sai ku yanke wa Barok hukunci.