Gandun Dabbobi a Takarda da Majigi: Tsokaci Kan Ƙarshen Labari

Daga cikin ƙagaggun labaran da ke zayyana al'ummar da mulkin danniya ya yi wa katutu, da wuya a sami wanda Bahaushe ya sani kamar Animal Farm na George Orwell, wanda aka buga a Ingila a 1945, Bala Abdullahi Funtuwa kuma ya mayar da shi Hausa da sunan Gandun Dabbobi a 1975. A 1954 John Halas da Joy Batchelor suka mayar da littafin fim na zane mai motsi. Manufar wannan ɗan tsokaci ita ce a nuna cewa littafin da fim ɗin sun raba gari a babin ƙarshe, kuma wannan rabuwa ta taɓa jigon labarin ɗungurungum.

A littafin, bayan dabbobi sun kori mai gandu, aladu sun gaje mulki, sun sayar da ingarman doki Boxer ga mahauta da ƙarfinsa ya ƙare. A ƙarshe sai ga aladu sun gayyaci manoman maƙwabta walima, ana sha ana karta. Sauran dabbobi na leƙe ta taga, suka kasa bambance fuskar alade da ta mutum. Nan Orwell ya ajiye alƙalami. Babu tawaye, babu ceto. Abin lura shi ne, zargin marubucin ya hau kan ɓangare biyu: aladu, waɗanda ke wakiltar shugabannin Tarayyar Sobiyat, da kuma manoma, wato 'yan jari-hujja na Yamma.

A fim kuwa, an cire manoma daga walimar, aka maye gurbinsu da aladu daga wasu gandaye. Sannan jaki Benjamin, wanda a littafin dattijo ne da ya yanke ƙauna daga kowane sauyi, shi ne ya tara dabbobi suka afka wa Napoleon da muƙarrabansa.

Ana iya cewa ɗabi'ar majigi ce ta jawo haka, domin ɗan kallo ba ya son ya bar sinima da ɗacin rai. Wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta wadatar ba. Orwell ya rasu a 1950, bai ga fim ɗin ba. Daga baya ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta zuba kuɗi a aikin a ɓoye, lokacin yaƙin cacar baka, kamar yadda Frances Stonor Saunders ta bayyana a littafinta na 1999. Mai kuɗin kiɗa kuwa shi ke zaɓen taken da za a kaɗa. Ashe ke nan labarin da aka rubuta don tona asirin farfaganda shi kansa ya zama makamin farfaganda.

A ganina, ƙarshen littafin ya fi nauyi. Fim ya lallashi ɗan kallo da cewa da zarar an kawar da azzalumi magana ta ƙare. Littafi kuwa ya bar mai karatu da tambayar da ta fi ciwo: wa zai hana mai ceton yau zama azzalumin gobe? Don haka ɗalibin da ya kalli fim ya ɗauka ya karanta Orwell, to, ya ji rabin zance ne kawai.