Amfilifaya Haɗin Gida: Inda Gurnanin Yake Fitowa

Duk wanda ya saurari lasifikokin da ke tashi daga Dutse Uku zuwa Nasarawa Gwong da Unguwar Rukuba, na masallatai da majami'u da Islamiyyu da majalisin biki, ya san wani gurnani da ke riga muryar mai magana fita, ya kuma ci gaba bayan ta yi shiru. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori haɗin gida ne, aikin masu gyaran rediyo da suka koyi sana'ar a gaban maigida. Mutane kan ɗora laifin gurnanin a kan lasifika, ko su ce ai dama kayan gida sai haƙuri. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Masu haɗin nan sun ƙware a ɓangaren ƙarfi, rauninsu yana wurare biyu da mai saye ba ya tambaya a kansu: yadda ake tace wuta, da yadda ake ɗaura wayar makirufo.

Wutar da ke shigowa gida a Najeriya volt 230 ce a ƙa'ida, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Tiransifoma ke rage ta, dayod huɗu su miƙar da ita, sannan manyan kapasito su cike giɓin da ke maimaituwa sau 100 a daƙiƙa. In kapasito ta yi ƙanƙanta ko ta bushe, wannan giɓin ne kunne ke ji. Tiransifoma mai 24-0-24 takan ba da kusan volt 33 a kowane gefe bayan tacewa, amma sau da yawa sai a sa mata kapasito mai iyakar 35 don ta fi araha. Ranar da janareta ya ɗan haura, sai ta kumbura. Mai haɗin da ya jera tiransisto 2SC5200 da 2SA1943 har takwas a jikin ƙarfen sanyaya, ya rubuta wat dubu a murfi, shi ne kuma zai ja wa ƙaramin firi'am wuta kai tsaye daga layin da waɗannan manyan ke fizga, alhali masu daidaita wuta 7812 da 7912 guda biyu sun isa su ba shi wuta tsayayya.

Sha'anin makirufo ya fi wannan laushi. Abin da makirufo mai maganaɗisu ke fitarwa 'yan milivolt ne, dole a ninka shi sau ɗaruruwa, kuma duk dattin da waya ta kwaso a hanya tare za a ninka su. Shi ya sa aka yi filogin XLR mai ƙafa uku: ta 1 rigar waya, ta 2 da ta 3 suna ɗauke da murya a kishiyar juna, don abin da ya shige su tare ya soke kansa. A nan kuwa an fi amfani da waya mai zare ɗaya da riga, a ja ta mita ashirin daga mumbari zuwa ɗakin na'ura, gefe da gefe da wayar fanka. Wani ma yakan liƙa rigar a duk inda ya samu ƙarfe, maimakon a tara duk wayoyin ƙasa a wuri guda kusa da kapasito. Abin mamaki, garin nan da kuzarsa ta sa kamfanin NESCO ya kafa wutar ruwa a Kurra tun wajejen 1930, kuzar da ita ce mafi yawa a dalmar liƙi, nan ne ake ƙyashin dalmar a mahaɗa.

Za a ce mai haɗi yana yin abin da kuɗin kwamitin masallaci ya kai ne, kuma su ƙara suke so. Gaskiya ne, amma wa'azin da aka ji ƙararsa ba a fahimci kalmominsa ba bai isar ba. Za a kuma ce a sayi na kamfanin Ahuja ko TOA a huta. Waɗannan suna da kyau, sai dai su ma sukan yi gurnani in an haɗa musu waya haka, kuma haɗin gida ya fi su a abu ɗaya: wanda ya haɗa shi yana unguwa, yana iya gina shi ya ci batirin mota ko sola ranar da babu wutar kamfanin JED. Batiri ma ba shi da wancan giɓi na sau 100, don haka amfilifayar da ta yi tsit a kansa ta koma gurnani a kan wuta ta nuna inda ciwonta yake.

Akwai kuma abin da ya wuce sauti. Gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa ta gaske, akwatin na'urar ƙarfe ne, kan makirufo ma ƙarfe ne a haɗe da shi. Ɗan tsikarin da ladan ke ji a leɓe da asuba, yana tsaye ba takalmi a kan siminti mai danshi, wuta ce ke neman hanyar ƙasa ta jikinsa. Fis a mashigar wuta da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa aka ɗaura wa akwatin su ne maganinsa, kuma sun cancanci shiga lissafin kuɗin aiki tun kafin a fara zancen wat.