Shaihu Umar Ya Dawo, Saura Ya Iso Jibiya

An shiga wasu ɗakuna na wani tsohon gini a Legas, inda Turawan mulkin mallaka suka taɓa ajiye sashensu na shirya finafinai, aka tarar da gwangwanayen fim jibge, wasu har sun yi tsatsa. Didi Cheeka na ƙungiyar Lagos Film Society yana cikin waɗanda suka tono su. A shekarar 2016 aka sami dodon fim ɗin Shaihu Umar, wato nagatif ɗinsa, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976, aka kuma daɗe ana ɗauka ya ɓace. Cibiyar Arsenal da ke Balin, babban birnin Jamus, ta haɗa hannu da Hukumar Finafinai ta Najeriya aka gyara shi, aka haska shi a bikin Berlinale cikin Fabrairun 2018.

Mun san littafin tun muna 'yan makaranta. Abubakar Tafawa Balewa ya rubuta shi don gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Amma da yawanmu da aka haifa bayan 1985 ba mu taɓa jin cewa an yi fim ɗinsa da Hausa ba, mai tsawon minti 142, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Don haka godiya ta wajaba. Sai dai godiya ba ta hana a duba aiki, musamman ga mu da muke cin abinci da rubuta manhaja, muka san abin da kwamfuta ke iya yi wa hoto idan an sakar mata linzami.

Zaren fim abu ne mai ruɓewa. Zafi da laima suna sa shi ya riƙa fitar da wari mai tsami kamar na binega, ya tsuke, ya kanannaɗe, ramukan gefensa su daina zama daidai a kan haƙoran na'ura. Launukansa kuma ba tare suke kodewa ba: shuɗi da rawaya sukan riga tafiya, shi ya sa tsofaffin finafinai kan koma jaja-jaja. Mai gyara zai wanke zaren, ya ɗinke inda ya yage, sannan a ɗauki hoton kowane gida ɗaya bayan ɗaya. Gida 24 ne a daƙiƙa guda. A fim mai minti 142, lissafi ya ba da gida 204,480. Idan an ɗauka a ma'aunin 2K, kowane gida yana cin kimanin megabait 12, jimla kusan terabait biyu da rabi. Duk wannan aikin haƙuri ne, babu gardama a cikinsa.

Gardamar tana farawa ne bayan hoton ya shiga kwamfuta. Manhajar share datti tana aiki da dabara mai sauƙi: ta dubi gida ɗaya, ta dubi na gabansa da na bayansa, duk ɗigon da ya bayyana a ɗaya bai bayyana a maƙwabtansa ba, ta ce datti ne, ta shafe shi ta cike gurbin da abin da ta aro daga gefe. A fim ɗin da aka ɗauka cikin ɗaki, dabarar tana ci. To, yaya za ta yi da labarin da rabinsa tafiya ce a cikin rairayi? Ƙurar da ƙafar raƙumi ta tayar ɗigo ce mai bayyana ta ɓace. Walƙiyar rawanin da ya sha shuni ya sha bugu, irin wanda marina Kano da Kura suka yi suna a kansa, ita ma haka take, ta haska a gida ɗaya ta mutu a na gaba. Hazon hunturu kuwa, ga idon manhaja, kodewa ce da ya kamata a gyara. Na'ura ba ta taɓa kwana a Katsina cikin Janairu ba, ba ta san sararin sama yakan yi fari fat ba tare da fim ya lalace ba.

Sai batun launin fata, wanda ya fi kowanne nauyi. Dodon fim ba ya faɗa wa mai gyara yadda hoto zai kasance, kayan haɗi ne kawai. Wani ne zai zauna gaban allo ya yanke hukunci kan duhun fuskar Umar, da hasken farar rigar Abdulkarim, da zurfin dare. Adamu Halilu ya riga mu gidan gaskiya tun kafin a gano gwangwanayen, babu damar a tambaye shi. Kowane ɗan juyi na maɓalli a wannan ɗaki fassara ce, kamar yadda mai juya littafi zuwa wani harshe yake zaɓen kalma.

Murya ma ba ta tsira ba. Manhajar cire ƙaras-ƙaras daga tsohon sauti tana farautar ƙara mai kaifi, gajeriya. Harshenmu kuwa cike yake da irin wannan ƙara da gangan: ƙ da ts suna fita ne da ɗan fashewa. A matsa wa manhajar da yawa, sai ta dakushe su, ƙafa ta kusa zama kafa. Injiniyan da ba ya jin Hausa zai ji sauti ya yi tsaf, Bahaushe kuma zai ji kamar an sa wa ɗan wasa auduga a baki.

Abin yabo a aikin da aka yi wa Shaihu Umar shi ne har yanzu fim ne na shekarun 1970, ba a mai da shi kamar wanda aka ɗauka jiya da waya ba. Wannan ya dace da ƙa'idar FIAF, ƙungiyar ma'adanan fim ta duniya, wadda ta hana mai gyara canza asalin aiki ko karkatar da shi. Kuma da hoton ya fito sarai, sai aibin labarin ma ya fito sarai, wanda shi ma riba ce. Fim ne mai tafiyar hawainiya, malami zaune yana ba almajiransa tarihinsa. Yaron da aka sace, ya faɗa hannun ubangida Balarabe mai kirki, ya yi karatu ya zama shaihi. Bauta a nan kusan ta zama tsanin ɗaukaka. Mahaifiyarsa ce ta ɗauki ainihin kuɗin wannan ciniki: ta fita neman ɗanta, ita ma aka bautar da ita, ta ƙare a wahale. Mun daɗe muna karanta littafin a matsayin labarin haƙuri da ilimi. Ya kamata matasan yau su gan shi da idonsu, su yi musu a kan wanda aka ba baki da wadda aka bari a gefen labari.

A ina za su gan shi? Nan ne muke ganin aikin ya tsaya a rabin hanya. A je Magamar Jibiya, bakin iyakarmu da Nijar, a ga yadda fim ke tafiya. A da kaset ne da sidi na Kannywood ake lodawa a motocin Maraɗi. Yanzu shagon caji ne da kwamfuta ɗaya, a ba da 'yan canji a tura wa mutum finafinai a memori, shi kuma ya tura wa abokinsa ta Xender. An rufe iyakar a Agustan 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, amma abin da ke cikin memori ba ya jiran a ɗaga shinge. Mutanen ɓangarorin biyu harshe ɗaya suke ji, kuma ayarin da ya ratsa Sahara da irin su Umar ta ƙasashen kakanninsu ya bi. Idan akwai masu haƙƙin kallon wannan fim, su ne, kuma ba a zauren biki suke kallo ba.

Ga matsalar: fim ba ya shiga wannan hanya sai an matse shi. Terabait biyu da rabi zai koma megabait ɗari uku ko huɗu. Manhajar matsewa tana fara zubar da bayanan da take ganin ido ba zai kula ba, kuma wuraren duhu ne suke fara shan kashi. Baƙar fuska a cikin inuwar zaure takan koma murabba'ai masu rawa. Tsakin hoton da mai gyara ya yi ta lallaɓawa don kada ya ɓace, matsewa ɗaya za ta cinye shi. Daga nan sai wani mai kyakkyawar niyya ya ga hoton ya dushe, ya zuba shi a manhajar ƙirƙirarriyar basira irin su Remini. Waɗannan ba sa dawo da abin da ya ɓace, zana sabo suke yi daga fuskokin da aka horar da su a kai. Muna ganin abin da ake yi wa tsofaffin hotunan Mamman Shata a Facebook: fata sumul, haƙora jere, ido na wani mutum dabam. Haka za a yi wa Umaru Ladan, kuma wannan kwafin ne zai yaɗu.

Abin da muke nema ba shi da tsada idan aka kwatanta da abin da aka riga aka kashe. Masu riƙe da fim ɗin su fitar da kwafin waya da kansu, wanda aka matse da kula, aka duba wuraren duhu gida-gida, mai jin Hausa ya saurari sautin da irin lasifikar da ke jikin ƙaramar waya, a kuma sake shi ta hanyar da mai shagon turi zai iya ba da shi ba tare da fargaba ba. Ɗanyen hoton da aka ɗauka kafin a taɓa shi kuma ya kasance a buɗe ga ɗaliban da ke karatun adana fim a Jami'ar Jos, domin duk wanda ke shakkar launin wani rawani ya iya komawa ya duba. Su ne kuma za su fuskanci aikin da ya fi wannan wuya: Turmin Danya na 1990 da finafinan da suka biyo bayansa a kaset na bidiyo aka yi su, ba su da dodo, kuma zaren kaset bai kai zaren fim jure zafin Kano ba.