Toka da Tukunya

Labaran rushewar duniya suna da farin jini, gama kowa yana so ya san abin da zai ragu bayan kome ya lalace. A littafin The Road na Cormac McCarthy (2006), uba da ɗansa suna ratsa ƙasar da ta zama toka. Ƙaunarsu tana taɓa zuciya ƙwarai. Amma kusan kowane baƙo abin gudu ne, waɗansu har naman mutane suke ci. Nan littafin ya gaza.

Mutanen Khartum sun ga rushewa da idonsu. Yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023, wuta da ruwa suka ɗauke, aka washe gidaje. McCarthy bai yi ƙarya game da mugunta ba. Duk da haka a unguwannin Omdurman maƙwabta suka girka manyan tukwane a wuraren dafa abincin jama'a, waɗanda ake kira takaya, suna dafa wake domin duk mai zuwa da kwano. Irin wannan bege na taron jama'a ne, kamar na Irmiya, wanda ya sayi gona a Anatot a gaban shaidu, sojojin Babila suna kewaye da Urushalima.