Dawakin Jimo Akolo da Dawakin Xu Beihong

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin 'yan'uwana ɗalibai idan aka zo batun zane, wai duk hoton da aka sa doki da rawani da dagin Arewa a ciki, to ya zama namu. Ni dai ban yarda ba. Mutane biyu zan kafa hujja da su, ɗaya Basine, ɗayan kuwa ya bar aikinsa a nan Kaduna.

Basinen shi ne Xu Beihong, wanda aka haifa a 1895, ya rasu a 1953. A 1919 ya tafi birnin Faris koyon zane irin na Turawa. Can aka hore shi a kan ƙirar jiki, wato yadda ƙashi da tsoka suke zaune, da yadda haske yake faɗa musu. Da ya koma gida bai yar da burushi da baƙin tawada na kakanninsa ba, da su ya zana dawakin da suka yi masa suna. Mai kallo zai ga gwiwa da ƙirji daidai yadda Allah ya halicce su, amma geza da wutsiya shafa biyu ce ko uku ta tawada. Ilmin na Faris ne, hannun na Sin.

Namu kuwa shi ne Jimo Akolo, mutumin Egbe, wanda ya yi Kwalejin Gwamnati ta Keffi, sa'an nan ya shiga kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A zamaninsa ne, cikin 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane. Manufarsu ita ce a karɓi dabarun Bature, a haɗa da gadon gida ba tare da tilas ba. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Akolo, wanda bai daɗe cikin ƙungiyar ba, sai ya dubi abin da ke gabansa a Arewa: makaɗa, da mahaya, da adon da magina suke yi wa fuskar soraye. Ya yi zanen bango a Majalisar Dokokin Jihar Arewa, wato Lugard Hall, daga baya ya daɗe yana koyarwa a Samaru. Ya rasu a 2023.

To, a dubi hotonsa na mahayan Fulani na 1962, wanda yake gidan kayan tarihi na Bristol a Ingila. Fentin mai da ƙyallen da aka zana a kai na Turawa ne, babu musu. Amma Akolo bai bi ƙa'idar da aka koya masa ta nuna nisa da kusa ba. Ya matse mahaya da dawakinsu wuri guda, ya yanka jikinsu da layuka masu kusurwa, har idonka ya riƙa bin su kamar yadda yake bin zanen magini daga bakin zaure zuwa zanko. Wato ya juya hanyar Xu. Shi Xu kayan aikin gida ya riƙe, ya aro ido. Akolo ya ari kayan aiki, idon kuwa ya nemo shi a gida. A nan haɗin yake, cikin ginin hoton. Da za a cire dawakin a sa 'yan kasuwa, da hoton bai daina zama na Arewa ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu masu nazarin adabi. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai cikin Magana Jari Ce, amma ba sunayen Hausa da ya raɗa wa mutanen ne suka mai da littafin namu ba, bakin da aka ba da labarin da shi ne.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan su biyun. Xu ya matsa wa ɗalibansa da kwaikwayon zahiri, ya kushe su Matisse da Cezanne, har wannan ra'ayi ya daɗe yana danne wasu hanyoyi a makarantun Sin. Akolo kuma, a ganina, daga nesa yake kallon mahayansa. Fuskokin ba su cika gaya maka komai ba. Kana ganin kwarjini, ba ka ganin mutum. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan lifidi ranar hawan salla ya san akwai gumi da tsoro da fahariya a wurin, kuma kaɗan daga ciki ne ya shiga hoton.

Abin da ya fi damuna shi ne rabon suna. Xu yana da gidan tunawa a birnin Beijing, Akolo ya shiga littattafan tarihin zane. Maginan Zariya da Kano da aka ari layukansu fa? In ka ɗebe Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ɗalibi nawa ne cikinmu zai iya kawo sunan magini ɗaya? Sorayen kuwa ana ta rushe su ana zuba bulo, mu kuma muna nan muna manna dagi a bangon kowace mujalla.