Saƙar Kaba a Ƙasar Tasawa da Mayahi: Amsa ga Masu Raina Ta

Zargi biyu ake yi wa masu sana'ar kaba, kuma masu yin zargin ba sa ko zama inuwa ɗaya. 'Yan boko na ganin ta abin rage zaman banza ne na mata da tsofaffi, shi ya sa in ana lissafin ayyukan yi a jihar Maradi sai a ambaci noma, kiwo, fatauci, aikin gwamnati, har da kabu-kabu, a tsallake ta. Masu kare daji kuwa cewa suke yi masu yankan kaba ne suka hana goriba tashi a Gulbin Kaba. Na farkon rashin lura ne kawai. Na biyun yana da ƙamshin gaskiya, amma ba inda suka ɗora laifin yake ba.

Tarihin ba shi da tsawo. Gulbin ya taso daga Najeriya, ya ratsa ƙasar Tasawa, ya bi ta Kanambakashe da Mayahi, sannan ya karkata yamma ya koma inda ya fito. Ruwa ya daina gudu a mafi yawansa tun da daɗewa, amma yana nan kusa a ƙarƙashin rairayi, abin da goriba ke so ke nan. Lokacin da Bature Barth ya sauka Tasawa a 1851, gari ya tarar mai kasuwa a kan hanyar ayarin Abzin zuwa Katsina da Kano, kuma ayari ba ya tafiya sai da igiya da tabarma. Daga baya gyaɗa ta zama sarauniyar kuɗi, aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta, sai farin 1973 da 1974 ya karya ta. Aka sake shan wuya a 1984, aka sake a 2005. A duk waɗannan wahalhalu gero ya ƙone a gona, kaba kuwa ta tsaya kore.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake haɗa tabarma. Wanda bai taɓa zama kusa da masaƙiya ba zai ɗauka a shimfiɗe ake saƙa ta gaba ɗaya, daga wannan baki zuwa wancan. Ba haka ba ne. Ana yanko ɗanyen ganye tun bai gama buɗewa ba, a shanya, a rarraba, a cire ƙashin tsakiya, wanda shi ma ba a yar da shi don da shi ake tsintsiya. Sai tsaga. A nan ake fara gane gwana, domin in sili ɗaya ya fi ɗan'uwansa faɗi, saƙar za ta karkace, kuma ba za a ga aibin ba sai an yi nisa. Ana yayyafa wa silin ruwa ya yi laushi, sannan a saƙa doguwar ɗamara mai faɗin tafin hannu ko ƙasa da haka, ana yi ana naɗe ta a gefe. Sili yana ƙarewa, sai a cusa sabo a ƙarƙashin na da, a ci gaba. Ki shafa tabarmar gwana da tafin hannu, ba za ki ji inda aka yi ƙarin ba. Ta 'yar koyo kuwa tun daga nesa bakin silin ke tsattsaye.

Bayan ɗamara ta kai tsawon da ake so ne ake ɗinki, baki da baki, da basilla da zaren kaba, a ɓoye ɗinkin a cikin saƙar. To, ga inda hikimar take. In tabarmar mai ado ce, an rina wasu silin ja ko baƙi ko kore, jan da karan dafi a da, yanzu galibi duk da galurar kasuwa, zanen ba ya bayyana a ɗamara ɗaya. Sai an jera layi kusa da layi sannan ja ya haɗu da ja, gidan dara ya fito. Ke nan tun masaƙiya tana saƙa kamu na farko ta riga ta san inda zai faɗa a jikin na goma. Ba takarda, ba alli. Tana yi tana hira, tana tsawata wa yaro, tana duba tukunya. Kuskuren sili biyu a farko ya isa ya sa zanen ƙarshe ya kauce da rabin taƙi. Na sha mamakin yadda malamin da ke koyar da lissafi a makaranta zai taka irin wannan tabarma kullum ya yi salla, bai taɓa tambayar wa ya yi lissafinta ba.

Tufka ta maza ce, a gindin itace bayan la'asar: igiyar guga, dabaibayi, ragar ɗaure kaya. Tana da nata gwanintar, amma ba ta kai ɗinkin tabarma ba, kuma ba zan ɓoye wanda na fi so ba.

Masu cewa tabarmar roba ta gama da ta kaba, su kwanta a kanta da tsakar rana a watan Afrilu su dawo mu yi magana. Masu cewa in ana zancen tabarma sai ta Madawa, na yarda Madawa ta yi suna, kuma ta cancanta. Sai dai suna a kasuwar birni wani abu ne, ciyar da gida wani abu ne daban. A ƙauyukan gulbi kuɗin kaba na mace ne, ba ya shiga rumbun maigida. Da shi take sayen gishiri da daddawa, ta yi biki, ta tara kayan ɗakin 'yarta, ta sayi 'yar akuya. Lokacin da samari suka tafi cirani Kano ko Agadas ko Libiya, aiken kuɗi ya yi jinkiri, tabarmar da aka kai kasuwa ce ke hana a buɗe rumbu kafin lokaci. Aikin da ke tsare hatsin bazara, ban san dalilin da za a ce ba sana'a ba ne.

Saura zargin masu daji. Gaskiya ne kututturen da ake yanke wa ganye ba hutu ba ya zama goriba, a kaba yake tsufa, kuma duk wanda ya bi gulbin ya ga manyan itatuwa tsofaffi, ga ƙananan kurmi, babu na tsakiya. Amma a duba waye ke yankan ƙeta. Masaƙiya ganye zaɓaɓɓe take nema, kuma gobe ma nan za ta dawo. Mai cika amalanke don dillalin da zai loda mota shi ne ke sare har zuciyar tsiron, domin ba nasa ba ne, kuma in ya bari wani zai sare. Dokar daji, ta 1974 da ta 2004, ta sa ido a kan itace, sai manomi ya tashi da tunanin goriba ta gwamnati ce, shi nasa gero. Wa zai reni abin da in ya girma sai ya nemi izini kafin ya taɓa?

A gonakin da manoma suka rungumi sassaben zamani, suna barin tsiro ɗaya ko biyu a kowane kututture su tashi, sauran a ci gaba da yanka, an ga goriba ta miƙe, ta ba da ƙwalshi da 'ya'ya, ganyen saƙa kuma bai yanke ba. Wannan dabara ba ta aiki sai inda aka san mai wurin. Don haka a filayen gulbi da ba gonar kowa ba ne, ni a ganina matan da ke saƙa ya kamata a damƙa wa ikon cewa ga inda za a yanka bana, ga inda za a bari, ga kuma abin da baƙon amalanke zai biya kafin ya shiga da lauje.