Katako ga Gida, Dutse ga Coci: Ginin Tsohon Garin Troyes

A watan Mayu na 1524 gobara ta tashi a Troyes, wani gari a bakin kogin Seine, kimanin kilomita 150 kudu maso gabas da Paris. Kafin ta mutu ta lashe gidaje fiye da dubu. Baƙon da ya shiga tsakiyar garin a yau, ya ga benayen katako sun jingina da juna, yakan ɗauka tun zamanin da Turawa ke kira na tsakiya suke tsaye. Yawancinsu bayan gobarar aka tayar da su. Dabarar ginin ce ta girme su da ɗaruruwan shekaru, ita ce kuwa ta cancanci nazari.

Gidan irin wannan aikin kafinta ne kafin ya zama na magini. Ana sassaƙe gungumen itace mai tauri da Faransawa ke kira chêne, a fafe rami a jikin wani, a fiƙe bakin wani ya shige ciki, sannan a buga turken itace ya riƙe su. Ba ruwansu da ƙusa. A ƙasa ake fara haɗa bangon, a yi wa kowane gungume alama, a kwance, a sake ɗaurawa a tsaye. Sararin da ya rage tsakanin itatuwan sai a cike shi da laka da aka cuɗa da ciyawa, kwaɓin da maginanmu na gargajiya za su gane da gani ɗaya. Hawa na sama yakan ɗan leƙo kan titi fiye da na ƙasa: ɗaki ya ƙara faɗi, ruwan sama kuma bai zubo wa itacen ƙasa ba. A lungun da ake kira Ruelle des Chats rufin gidajen ya kusa haɗewa, har an gitta itatuwa a sama suna tokare su.

Me ya sa mutanen da wuta ta cinye wa katako suka koma wa katako? Ƙasar Champagne, inda Troyes take, ta alli ce, dutsenta mai taushi, ruwa na cin sa, dazuzzuka kuwa ga su kusa da gari. Kafintoci na nan da kayan aikinsu, mai shago kuma yana sauri ya koma sana'a. Masu hannu da shuni ne suka iya sauya salo, suka jera alli da jan bulo kamar gidajen dara, irin wanda ake gani a Hôtel de Mauroy.

Coci kuwa lissafinsa daban ne. Kuɗin garin daga kasuwa ya fito: a ƙarni na 12 da na 13 fatake daga Italiya da Flanders suna haɗuwa a Troyes sau biyu a shekara, har ma'aunin zinariya da ake kira troy ya samo sunansa daga nan. Da wannan arziki aka iya jawo dutse mai kyau daga Tonnerre. An aza harsashin babban cocin Saint-Pierre-et-Saint-Paul a 1208, aka yi ta aiki har ƙarni na 17, kuma hasumiyarsa ta biyu ba a taɓa kammala ta ba. Labarin cocin Saint-Urbain ya fi taɓa zuciya. Jacques Pantaléon, ɗan wani mai gyaran takalma a garin, ya zama Fafaroma Urban na Huɗu a 1261, shekara ta zagayo ya sa aka fara gina coci a inda shagon mahaifinsa yake. An rage bangon har ya zama kusan ginshiƙai zalla, aka cike tsakaninsu da gilashi mai launi. Sai farkon ƙarni na 20 aka ƙarasa shi. Duk wanda ya lura zai ga tunani ɗaya ne da na kafinta: ƙashi ya ɗauki nauyi, abin da ke tsakani ya zama sutura kawai.

Daga baya, saboda tsoron wuta da kuma ƙyamar tsohon yayi, aka shafe fuskokin gidaje da yawa da filasta. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 unguwannin sun lalace, ana ta rushe su. Dokar da ministan al'adu André Malraux ya kawo a 1962 ta ba da damar kare unguwa sukutum, ba gini ɗaya-ɗaya ba, Troyes kuma ta ci moriyarta. Aka kankare filasta, itace ya sake shan iska.

A nan nake da damuwa. Ba kowane bango aka yi don a gan shi tsirara ba; wasu tun farko an rufe su ne don kare itacen daga ruwa, tone su don burge baƙi cutar da gidan ne. Gyara na gaskiya yana bukatar wanda zai iya yanke ruɓaɓɓen ɓangaren gungume ya dasa sabo, ya kuma kwaɓa laka maimakon siminti, domin siminti yana riƙe danshi a jikin itace har ya ruɓar da shi daga ciki.